’Ya’yan Kirtani: Kwana Tara a Kudancin Italiya

Kwalin littattafan da na ɗauko daga Kano ya jure jiragen sama biyu da jirgin ƙasa ɗaya, sai da na sauka a babbar tashar Napoli, ina jan sa zuwa bakin dandalin Garibaldi, sannan gindinsa ya ɓarke, ƙamus da littattafan karatu suka zube a ƙasa. Ɗalibin da aka turo ya tarye ni, wani saurayi haifaffen birnin wanda ya shekara uku yana koyon Hausa, ya taya ni tsince su, ya ce in jira shi. Ban jira ba, na bi shi, muka kutsa wani lungu har zuwa wani ɗan shago da ake sayar da ƙusa da kwaɗo da fenti. Kalma ɗaya tak ya faɗa wa dattijon da ke ciki, wato spago, shi kuwa dattijon ya miƙa hannu bayansa ba tare da ya waiwaya ba, ya ɗauko dunƙulen kirtani irin wanda ’yan kasuwa suke ɗinke bakin buhu da shi. Muna ɗaure kwalin a bakin titi sai saurayin ya ce da ni, cikin Hausarsa mai tsabta wadda karin sautinta bai gama zama ba: “Malam, ka riƙe wannan kalma, domin yau da dare za ka ci ’ya’yanta.”

Abin da ya kai ni Napoli ziyara ce ta ’yan kwanaki ga ɗaliban jami’ar da ake kira L’Orientale, wadda wani limamin Kirista mai suna Matteo Ripa ya kafa a 1732 domin horar da ’yan ƙasar Sin, daga baya ta zama gidan nazarin harsunan Asiya da Afirka, har da Hausa. Aikin da na je yi na yi shi, amma abin da ya bi ni har gida, ya hana ni sakat, shi ne wannan kalma ta shagon ƙusa.

Da dare saurayin ya kai ni wani ɗan gidan abinci a tsohon gari, mai tebur bakwai ko takwas, an shimfiɗa wa kowanne farar takarda a maimakon mayafi. Tun a hanya na gaya masa abin da ba na ci, shi ma ya riga ya sani, ya ce in nisanci abin da ake kira carbonara domin da kumatun alade ake yin sa, haka nan miyar nama ta ragù, wadda galibi ba a raba ta da alade da giya. Muka tsaya a kan mafi sauƙi, wato spaghetti al pomodoro, tumatir da man zaitun da ɗan ganye mai ƙamshi. Kafin abinci ya iso ya zaro biro ya rubuta kalmomi uku a kan takardar tebur, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya: spago, spaghetto, spaghetti. Ta farko ita ce kirtanin da muka saya, kuma Italiyanci ya gaje ta daga spacus na Latin ɗin ƙarshen zamanin Rumawa. Ta biyu an liƙa mata ɗafa-ƙeyar -etto, wadda take yin aikin da tsigalau yake yi a Hausa, wato abin da “ɗan” da “’yar” suke yi a cikin ɗan tsako ko ’yar tukunya, sai dai mu a gaba muke sa namu, su kuwa a baya. Saboda haka spaghetto ɗan kirtani ne. Ta uku jam’i ce, domin a Italiyanci sunan namiji mai ƙarewa da -o yana komawa -i idan ya yi yawa, na mace mai ƙarewa da -a kuma ya koma -e. Abin da duniya take ci da sunan sufageti, ke nan, ma’anarsa a gidansu ’yan kirtani.

Na tambaye shi daga ina harafin h ya shigo, tun da babu shi a spago. Ya ce ba a furta shi, gadi kawai yake yi. A rubutun Italiyanci idan g ta zo gaban e ko i sai ta koma sautin j, don haka da an rubuta kalmar ba tare da h ba, da “spajetti” za a karanta. Sai ya sa ni in furta, na furta, ya yi tafi har mutanen teburin kusa suka waiwayo. Abin da ya burge shi shi ne na riƙe t ɗin nan biyu yadda ya kamata, abin da ya ce yana gagarar baƙi masu Ingilishi da Faransanci. Ban ga abin yabo a ciki ba, domin wanda ya tashi yana bambanta “baba” da “babba” ba zai rasa ninka baƙi a harshen wasu ba. Inda na sha wuya shi ne farkon kalmar, s da p a manne babu wasali a tsakani. Sau uku ina ƙoƙari, sau uku wani ɗan “u” yana leƙowa.

Jam’in nan ba a rubutu kaɗai ya tsaya ba, ya ratsa dukan jimla. Mai gidan abincin, da ta leƙo daga madafa, cewa ta yi gli spaghetti sono cotti, wanda fassararsa kai tsaye ita ce “’yan kirtanin sun dahu”. Ƙaramar kalmar da ke gaban sunan jam’i ce, aikatau jam’i ne, siffar ma jam’i ce. Ƙaramar kalmar nan ma tana da tata ƙa’idar, domin yawancin sunayen maza il suke ɗauka a tilo, i a jam’i, amma wanda ya fara da s tana biye da wani baƙi sai ya ɗauki lo da gli, shi ya sa ake cewa lo spago da gli spaghetti. Na zauna ina kallon farantin da aka ajiye mini ina mamakin mutanen da suke duban wannan tuli su ga ɗaiɗaiku. Mu a wurinmu shinkafa ta dahu, gero ya yi tsada, wake ya ƙone, ko da buhu dubu ne. Idan muna son guda ɗaya sai mu nemo wata kalma ta cire mana, mu ce ƙwayar shinkafa ko silin taliya. Ba’italiye daga silin yake farawa ya hau zuwa faranti, Bahaushe kuwa daga farantin yake gangarowa zuwa sili.

Har na fara jin na gama fahimta, sai wasu mutum biyu suka shigo suka zauna, yaron da ke kai abinci ya saurare su, ya juya ya ƙwala wa madafa kira: “Uno spaghetto alle vongole!” Na dubi ɗalibina na ce ko sili ɗaya mutumin zai ci. Ya yi dariya har ya ajiye cokali mai yatsu. Ya ce a bakin masu gidajen abinci tilon yana nufin faranti ɗaya, kuma abokai sukan ce wa juna “mu yi spaghetto ɗaya” idan suna nufin a dafa a ci tare ba tare da wani shiri ba, ko su ce “mu yi spaghetti biyu”, biyun nan kuwa ba ƙidaya ba ce, kamar dai yadda muke cewa zo mu ɗan taɓa. Akwai ma suna na musamman ga irin wannan zama, spaghettata, wadda ta fi shahara da tsakar dare idan hira ta yi nisa yunwa ta taso. Wannan ya faranta mini rai fiye da darasin biro, domin ya nuna cewa masu harshen da kansu ba su ɗauki ƙa’idar da tsananin da littafi ya ɗauke ta ba.

Washegari na yi kuskuren da kowane baƙo yake yi. Na shiga wani shagon shayi da gahawa kusa da jami’a, na nuna burodi mai cuku da tumatir a ciki, na ce un panini, kamar yadda na saba gani a rubuce a filayen jirgin sama. Matar ba ta ce komai ba, ta miƙo mini, sai da take karɓar kuɗi ta ce a hankali, kamar mai yi wa kanta magana, un panino. Pane shi ne burodi, panino ɗan burodi, panini ’yan burodi, ni kuwa abin da na faɗa daidai yake da a ce “ba ni wani awaki”. Ingilishi ya ari jam’in ya mai da shi tilo, sannan ya ƙara masa s ya sami “paninis”, jam’i a kan jam’i. Haka ya yi wa salami, wanda tilonsa salame ne, haka kuma broccoli da zucchini suka shiga Ingilishi da rigar jam’insu ba tare da masu cin su sun lura ba. Ɗaliban da na ba wa labarin sun yi ta dariyar Amurkawa, sai na tambaye su yadda suke jam’inta kalmomin da su suka aro. Aka yi shiru kaɗan, sannan wata daga baya ta amsa da gaskiya cewa ba sa jam’inta su. Fim ɗaya il film, goma i film, haka kwamfuta, haka kalmar bar, wato shagon gahawa. Wato s ɗin da Ingilishi yake jam’i da ita su ma a bakin ƙofa suke ajiye ta.

Ita wannan ɗalibar ce ta mayar mini da martani, kuma ta same ni. Ta ce: “Malam, ai ku ma kun yi wa Larabawa haka, ina labari?” Gaskiyarta. Labari daga al-akhbar ya fito, wanda a Larabci jam’in khabar ne. Mun ɗauko shi da jam’insa, har da lam ɗin al- da ke goshinsa, muka mai da shi tilo, muka ce labari ɗaya, sannan muka gina masa namu jam’in, labarai da labaru. Babu abin da ya raba labarai da “paninis” sai tsufa, domin ɗaya ya daɗe har ya zama ɗan gida, ɗayan kuwa har yanzu ƙurar hanya ba ta bar ƙafarsa ba. Na ƙara mata da silifas, wanda muka karɓa da s ɗin jam’in Ingilishi, amma mukan ce silifas ɗina ya tsinke. Ita kuma ta ƙara mini da alkama, wato al-qamh, hatsin da ake yin abincin da muke ta magana a kansa. A ganina babu laifin kowa a nan. Mai aron kalma a kasuwa ko a tashar jirgin ruwa yake jin ta, kuma siffar da ta fi yawo a baki ita yake ɗauka. Babu wanda ya taɓa zuwa sayen sili ɗaya, don haka spaghetto bai sami dalilin fita daga Italiya ba.

Ranar Asabar muka tafi Gragnano, garin da ke da nisan kimanin kilomita 30 kudu maso gabas da Napoli. Mun hau ƙaramin jirgin ƙasan da ake kira Circumvesuviana, wanda yake zagaya gindin dutsen Vesuvio, muka sauka a Castellammare di Stabia, daga nan mota ta haura da mu. Garin yana jingine da duwatsun Lattari, kuma a gefensa akwai wani kwari da suke kira Kwarin Injinan Niƙa, inda kangayen tsofaffin manika masu aiki da ruwa suke tsaye har yau, ganye ya lulluɓe su. Ruwan duwatsun nan da iskar da ke tasowa daga teku su ne jarin garin. A 1845 Sarkin Napoli Ferdinando na Biyu ya ba masu sana’ar garin izinin kai wa fadarsa taliya, a 1885 aka kawo musu layin dogo, a 2013 kuma Tarayyar Turai ta yi wa sunan taliyar Gragnano rajista, yadda ba mai iya liƙa shi a kan kayan da ba a can aka yi ba.

A wata ƙaramar masana’anta aka ba mu farar riga da hular leda, wata ma’aikaciya mai kimanin shekara hamsin ta zagaya da mu. Ta fara damƙa mini garin a tafin hannu. Launinsa rawaya ne, yana da tsaki-tsaki kamar yashi mai laushi, domin daga alkama mai tauri ake niƙa shi, kuma tun 1967 dokar Italiya ta wajabta cewa busasshiyar taliyar da za a yi a sayar a ƙasar da irin wannan alkama za a yi ta. Gari da ruwa ne kawai, babu ƙwai, babu gishiri. Injin yana matsa ƙullun ta cikin wani faifan tagulla mai ƙananan huji, sai ka ga ɗaruruwan zare suna zubowa tare kamar labule, wuƙa ta yanke, a rataye su a kan sanda. Matar ta ciro sili ɗaya busasshe ta ce in shafa. Ba shi da santsi, yana da ɗan kaushi da farin ƙura-ƙura a jiki, ta ce aikin tagullar ke nan, kuma kaushin ne yake kama miya. Ta ɗaga shi sama tsakanin yatsu biyu, ta dube ni, ta ce uno spaghetto, a wannan karon da ainihin ma’anarsa. Sai a lokacin na ga kamar da ke tsakaninsa da abin da ke ɗaure da kwalina: kauri ɗaya, launi kusan ɗaya, har kaushin ma ɗaya.

A bangon ofishinsu akwai tsohon hoton babban titin garin, Via Roma, an jera sanduna daga wannan gefe zuwa wancan, taliya tana rataye tana shan iska, yara marasa takalmi suna tsaye a tsakani. Na daɗe a gaban hoton nan, domin na san wannan shanya. Ita ce ta taliya ’yar murji a tsakar gidajen Kano, wadda mata suke murzawa da ɗan injin hannu su rataye a igiya, mu saya da mai da yaji a hanyar makaranta. Bambancin kawai shi ne mutanen Gragnano sun shigar da shanyarsu cikin ɗakuna masu ma’aunin zafi, inda take bushewa a hankali, wani lokaci fiye da yini guda.

A kantin masana’antar na ga cewa spaghetti ɗaya ne daga cikin dangi masu yawa da aka raɗa wa suna ta hanya iri ɗaya, wato a dubi abin da suka yi kama da shi, a ƙanƙanta shi, a jam’inta. Vermicelli ’yan tsutsotsi ne, linguine ’yan harsuna, orecchiette ’yan kunnuwa, capellini ’yan gashi. Penne alƙaluma ne saboda an fere bakinsu a karkace, farfalle kuma malam-buɗe-littafi. Ita kanta kalmar tamu tana sake karɓar ɗafa-ƙeya a kan wadda take da ita: spaghettini su ne sirara, spaghettoni kuwa masu kauri, wanda idan aka warware shi zai ba da “manyan ’yan kirtani”, kuma babu Ba’italiyen da yake jin wani saɓani a ciki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙuruciyar kalmar. Mutanen Napoli sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin wannan abinci da sunan vermicelli ko maccheroni, har tun ƙarni na 17 ake yi musu laƙabi da maciya makaroni, bayan da can ana ce musu maciya ganye. Amma spaghetti sai a farkon ƙarni na 19 ta fara bayyana a rubuce, kuma misalin da aka fi ambata wata waƙa ce da Antonio Viviani ya wallafa a kan makaronin Napoli a 1824. Haɗa ta da miyar tumatir ma a shekarun 1830 ya shiga littafin girki.

Kalmar spaghetti yarinya ce a cikin danginta, amma ita ta fi su tafiya, kuma talauci ne ya yi mata kuɗin mota. Tsakanin 1880 da 1924 mutanen Italiya fiye da miliyan 4 suka ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu daga kudu, wasu da yawa kuma suka nufi Ajantina da Birazil, suka tafi da tukwanensu da kalmominsu. Kowane harshe ya yi mata irin tarbar da ya saba yi wa baƙo. Ingilishi ya bar rubutun yadda yake, ya kwashe jam’in, ya sa ta a sahun shinkafa da ruwa, abubuwan da ba a ƙirgawa. Faransanci ya yarda jam’i ce amma bai yarda da -i ba, sai ya ƙara tasa s. Sifaniyanci, wanda ba ya iya fara kalma da s da wani baƙi a manne, ya sa mata wasali a goshi ya ce espagueti, jam’i espaguetis. A Birazil espaguete ce, a Fotugal kuma wata r ta kutso ta zama esparguete. Jamusanci ne ya fi riƙe amana, domin ya bar ta jam’i ba tare da ƙari ba, ko da yake gyaran ƙa’idojin rubutunsu na 1996 ya halatta a jefar da h, aka yi shekaru ana gardama, a 2024 aka soke wannan izini. Mutanen Japan sun warware ta gaɓa-gaɓa suka ce supagetti.

Mu ma hanyar Japan muka bi, kuma “u” ɗin nan da ya yi ta leƙowa a bakina daren farko ba kuskurena ba ne ni kaɗai, gadon gida ne. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu, don haka take raba su da wasali, kuma p takan koma f, kamar yadda aka yi a sufana da sifika. Ta haka muka sami sufageti, kuma ta hannun Ingilishi da kwalayen kanti ta iso mana. Da yake ta ƙare da -i, sai harshen ya kai ta ɗakin maza, ya mai da ta tilo, a ce sufageti ya dahu. Ba ta ma sami wurin zama sosai ba, domin ta tarar da taliya ta riga ta shimfiɗa tabarma.

Sauran kwana uku na in koma, na hau jirgin ruwan dare daga Napoli zuwa Palermo a tsibirin Sisili, tafiyar kimanin awa 10, ni kaɗai. Daga Palermo jirgin ƙasa ya bi da ni gefen teku zuwa gabas, kimanin kilomita 30, na sauka a Trabia. Ƙaramin gari ne mai tsit, da tsohuwar ganuwa a bakin ruwa, kuma wanda bai san abin da ya kawo shi ba zai iya gama shi a cikin awa ɗaya. Abin da ya kawo ni shi ne Al-Idrisi, masanin ƙasa haifaffen Sabta da ke gaɓar arewacin Afirka, wanda ya yi aiki a fadar Sarkin Sisili Roger na Biyu, ya kammala masa littafin bayanin ƙasashen duniya a 1154. Musulmi sun fara shiga Sisili a 827, sun karɓi Palermo a 831, kuma ko bayan da Normawa, Kiristoci ’yan asalin arewacin Faransa, suka ƙwace birnin a 1072 Larabci bai bar fada ba. A cikin littafin nan Al-Idrisi ya siffanta wannan gari da ruwa mai gudana da manika masu yawa, ya ce ana yin itriya a nan da yawan gaske, ana loda ta a jiragen ruwa zuwa yankin Kalabriya na kudancin Italiya da ƙasashen Musulmi da na Kirista. Itriya busasshen ƙullu ne da aka ja shi zare-zare, kuma Larabci ma aro kalmar ya yi, asalinta daga Girkanci. Wannan shaida ita kaɗai ta isa ta kwantar da tatsuniyar da ke cewa Marco Polo ne ya kawo taliya daga Sin, tun da shi sai a 1295 ya dawo gida, shekara 141 bayan littafin. Akwai ma wata takardar rabon gado ta birnin Genova ta 1279 da ta lissafa kwando cike da makaroni a cikin dukiyar mamaci.

Kalmar Larabcin ba ta mutu ba, ta ƙanƙance ta zama tria, ana jin ta a Sisili, kuma a yankin Salento, can ƙarshen kudu maso gabashin Italiya, har yau akwai abincin da ake kira ciceri e tria. Na zauna a kan wani dakali ina fuskantar teku, ina jujjuya sunayen a baki: itriya, tria, taliya. Sai Italiya ta faɗo mini, sai kuma tagliatelle na mutanen Bologna, wanda ake furtawa “talyatelle”, daga aikatau tagliare mai nufin yanka. Duka ukun suna miƙo hannu suna cewa su ne iyayen taliyarmu, kuma mai gaggawa zai kama wanda ya fi masa daɗin labari. Na bar su a kan dakalin, domin kama da wane ba ta wane, kuma na riga na ga a cikin mako guda yadda kunne yake yaudarar mai aron kalma. Na ci farantin taliya da kifin sadin a wani ɗan wuri kusa da tasha, na koma Palermo kafin magariba.

Na dawo Kano da ƙunshi huɗu na Gragnano a cikin kwalin nan da aka ɗaure da sauran kirtanin dattijo, dogaye masu lanƙwasa a kai inda suka hau sanda. Na yi wa uwargida bayanin yadda matar masana’anta ta ce a dafa su: ruwa mai yawa, gishiri, kada a karya, a sauke da sauran ɗan tauri a ciki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kakkarya su gida uku, ta zuba a cikin dafa-duka da manja da busasshen kifi da daddawa. Can na jiyo ta daga madafa tana cewa: “Malam, wannan taliyar taka ta ƙi dahuwa.” Na tsinci sili ɗaya da ya faɗo a bakin ƙofa, na kira ’yar autarmu, na ɗaga shi tsakanin yatsu biyu yadda aka ɗaga mini, na ce mata sunan wannan spaghetto, idan sun yi yawa ne suke zama spaghetti. Ta karɓa, ta jujjuya shi, ta ce: “Baba, ai wannan silin taliya ne,” ta sa a baki ta gartsa.